Dusar Ƙanƙarar da Ta Riga Lokacinta: Darasi daga Makiyayan Dakota ta Kudu

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu nesa, har ƙasar Amurka, cikin wata jiha da ake kira Dakota ta Kudu. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta shi a gaban jama'a sannu a hankali, ya riƙa dakatawa domin mai tambaya ya yi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara da ido ba. Amma labarin na manoma ne da makiyaya, masu ƙungiyoyin gama kai kamar namu, waɗanda wahalar shekaru ta salwance musu cikin kwana biyu, kāna suka zauna cikin duhu suna neman inda za su soma gyara.

Da fari bari mu bayyana abin da ake nufi da dusar ƙanƙara, gama dabam take da ƙanƙarar nan da ke zuwa da hadari tana yayyage ganyen masara. Ita fara ce, mai laushi, tana saukowa kamar auduga. In sanyi ya yi tsanani sosai, takan sauko a bushe, ba nauyi, iska ta yi ta kwasarta kamar gari. In kuwa sanyin bai kai haka ba, sai ta sauko a jiƙe, da nauyi, tana manne wa duk abin da ta taɓa. Wadda ke zuwa da wuri, tun hunturu bai kama ba, galibi irin ta biyun ce. A riƙe wannan, domin shi ne tushen dukan ɓarnar da za mu ji.

Yammacin jihar, watau ƙetaren Kogin Missouri, fili ne na ciyawa, itatuwa kaɗan ne, sai wajen duwatsun da ake kira Black Hills. Babban garin wurin shi ne Rapid City. Kiwon shanu shi ne sana'ar ƙauye, iyali ɗaya kuwa yakan mallaki makiyaya mai eka dubbai, kewaye da waya mai ƙaya. Shanu sukan haihu wajen Maris da Afrilu. Dukan lokacin zafi suna can makiyaya mai nisa, a buɗaɗɗen fili. Wajen ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba a kan komo da su kusa da gida, inda akwai kwari da mafaka da tarin ingirici, a yaye maruƙa a kai kasuwa. Kuɗin maruƙan nan shi ne kuɗin shekara duka. Da shi ake biyan banki, da shi ake cefane.

Kwana uku na Oktoba 2013

A farkon makon ana zafi, wajen digiri 25 a ma'aunin santigired, mutane suna yawo da riga mai gajeren hannu. Ranar Alhamis, 3 ga Oktoba, aka soma ruwan sama mai sanyi. Kafin gari ya waye ranar Jumma'a ruwan ya juya ya zama dusar ƙanƙara, iska kuma ta taso, har a wani wuri kusa da Rapid City aka auna gudunta ya kai mil 70 a awa. Ba ta lafa ba sai ranar Asabar, 5 ga wata. A Rapid City zurfin dusar ya kai wajen inci 23, watau kusan ƙafa biyu. A garin Lead, cikin duwatsu, ya kai inci 55, har ƙirjin babban mutum. Inda iska ta tara ta kuwa, ta binne shinge da motoci. Wata tashar talabijin ta labarin yanayi ta sa wa guguwar suna Atlas, da sunan nan mutanen wurin ke tunawa da ita.

Mutanen Dakota sun saba da sanyi da dusa. Suna ganin sanyin da ya fi wannan nesa a Janairu, shanunsu kuma su fita lafiya. Me ya sa wannan ta yi kisa haka?

Me ya kashe shanun

Saniyar ƙasar sanyi tana sake gashi sau biyu a shekara. In hunturu ya matso, sai ta fid da gashi mai kauri, mai tsawo, wanda ke riƙe ɗumin jikinta kamar bargo. Malaman kiwo na can sun auna, sun ce saniya mai cikakken gashin hunturu, in a bushe yake, ba ta fara jin sanyi a jikinta sai ma'auni ya sauka wajen digiri 8 ƙasa da sifiri. Amma mai gashin lokacin zafi, ko wadda gashinta ya jiƙe, tun daga digiri 15 sama da sifiri take soma ƙona ƙarfin jikinta domin ta ɗumama kanta. A duba tazarar da ke tsakani. A farkon Oktoba shanun ba su riga sun yi gashin hunturu ba, ruwa kuma ya yi sa'o'i yana dukansu kafin dusar ta zo. Makiyayanmu sun san ƙanen wannan abu, yadda ruwan fari mai sanyi ke kayar da dabbar da rani ya ramar.

Sa'an nan ga halin saniya. In iska ta tsananta, takan juya mata baya ta yi ta tafiya inda iskar ta tura ta. Haka garkuna suka yi ta tafiya mil bayan mil, ba su ganin gabansu. Waɗansu suka tarar da shingen waya suka cunkushe a kusurwa, na baya suna tattake na gaba. Waɗansu suka faɗa kwazazzabai da dusa ta rufe bakinsu, waɗansu suka nutse a rafi da madatsun ruwa. Da yawa kuwa gajiya ce da sanyi suka sa zuciyarsu ta kāsa, ruwa ya cika musu huhu, suka kwanta ba su ƙara tashi ba.

Bayan abin ya wuce, waɗansu mutanen birni sun zargi makiyayan da sakaci, suna cewa ai an yi gargaɗi, don me ba su shigar da shanun ɗaki ba? A ganinmu wannan magana ce ta wanda bai taɓa kora garke ba. Gaskiya ne ma'aikatan duba yanayi sun yi gargaɗi. Amma tattara ɗaruruwan shanu da maruƙansu daga fili mai eka dubbai, a koro su mil da yawa, aikin kwanaki ne, da taimakon maƙwabta, su ma kuwa kowa da nasa garken. Ba kuma mai ɗakin da zai ɗauki shanu ɗari uku. Har waɗanda suka samu suka kai nasu mafaka, waɗansunsu sun yi hasara, domin dusa ta cika kwarin ta binne dabbobin, a waɗansu wurare kuma rufin rumfa ya rufta saboda nauyi.

Da fari an yi ta faɗin adadi iri iri, waɗansu suka ce 75,000, waɗansu suka zarce haka. Lissafin da aka tattara daga baya ya tsaya wajen 43,000, yawancinsu shanu, da tumaki da dawaki. Lissafin bai zo da sauƙi ba, gama a can ma, kamar a rugagenmu, rashin kunya ne ka tambayi mutum yawan shanunsa. Mu kuma lura, saniya ɗaya da ta mutu a Oktoba hasara uku ce: ita kanta, da maraƙin da ke cikinta, sau da yawa kuma har da wanda ke binta, wanda saura makonni kaɗan a kai shi kasuwa.

Wuta ta ɗauke

Abin da ya sami shanu shi ya sami itatuwa. A ƙasashen sanyi yawancin itatuwa sukan kakkaɓe ganye kafin hunturu, dusa ta zo ta ratsa tsakanin rassa ta faɗi ƙasa. A farkon Oktoba kuwa ganye na nan kore shar. Kowane ganye ya zama faifai, ya tari jiƙaƙƙiyar dusa, har rassa masu kaurin cinyar mutum suka yi ta karyewa suna faɗa wa wayoyin lantarki da motoci da rufin gidaje. A fili, inda ba itace, dusar ta manne wa wayar kanta, ta yi mata kauri, iska ta yi ta kaɗa ta har falwaya ta karye. In ɗaya ta faɗi takan ja ta kusa da ita, a haka sai a tarar da layi guda a kwance. Gidaje da wuraren sana'a sama da 25,000 suka rasa wuta. A gari an mayar wa da yawa cikin 'yan kwanaki, amma a ƙauye waɗansu sun haura mako guda.

Ba a Dakota kaɗai aka taɓa ganin haka ba. Ranar 12 da 13 ga Oktoba 2006 irin wannan ta sauka a birnin Buffalo, kusan gidaje 400,000 suka shiga duhu. Ranar 29 da 30 ga Oktoba 2011 ta sauka a jihohin arewa maso gabas, sama da miliyan uku suka rasa wuta, a jihar Connecticut kaɗai fiye da 800,000, waɗansu har kwana 11. Duk dalilin ɗaya ne, ganye a kan itace.

Gidan makiyayi a can kome nasa a kan lantarki yake. Rijiya da famfon lantarki take aiki, saboda haka in wuta ta ɗauke ba ruwan sha, ba na dabbobi. Murhun ɗumama gida, ko da na gas ne, yana bukatar fankar lantarki da za ta tura ɗumin. Naman shekara yana cikin firiza. Gidan mai ma ba ya iya sayar da mai, gama famfonsa ya tsaya. Shi ya sa shawarar da ake ba mutanen wurin ita ce, da an ji gargaɗi a cika kowane mazubi da ruwa, a cika tankin mota da na tarakta, a ajiye rediyo mai batir da tocila da itacen wuta. In wutar ta tafi, iyali su taru a ɗaki ɗaya, a rufe sauran. Firij in ba a buɗe shi ba yakan riƙe abinci wajen awa 4, firiza cikakkiya kuwa wajen awa 48, rabinta awa 24. Saboda haka ba sai janareta ya kwana yana aiki ba. A tashe shi 'yan sa'o'i a ja ruwa, a sanyaya firiza, a kashe, har ma a ɗora shi a mota a kai wa maƙwabci.

A kan janareta za mu daɗe kaɗan, domin wannan ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ba mu da dusa. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan shiga jini ta tare wurin iskar da jiki ke bukata. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da jin barci. Wanda ke barci kuwa ba ya jin kome, sai dai a tarar da shi. Bayan guguwar 2011 mutane sun mutu ta haka, da yawa kuma an kwashe su zuwa asibiti, domin sun sa janareta a gareji ko ɗakin ƙasa, ko sun shigo da murhun gawayi cikin gida don jin ɗumi. Ƙa'idar da hukumomin lafiya na Amurka ke bayarwa ita ce, janareta ya zauna a waje, aƙalla ƙafa 20 daga gida, bakin hayaƙinsa yana duban wani gefe. Buɗe taga ba ya isa. Tsoron ɓarawo ne kan sa mu shigo da shi zaure ko baranda mu rufe ƙofa. Gara a gina masa keji na ƙarfe a tsakar gida.

Haɗari na biyu ba a cika saninsa ba. In mutum ya haɗa janareta da wayoyin gidansa bai raba gidan da babban layi ba, wutar takan koma baya ta bi ta taransifoma. Taransifoma kuwa ta kowane gefe tana aiki. Yadda take sauko da bolt 7,200 na layin ƙauye zuwa 240 na gida, haka za ta ɗaga 240 na janareta ta mai da shi 7,200. Ma'aikacin da ke can mil biyu yana ɗaura waya, yana tsammanin layin a mace yake, shi zai sha ta. Haka nan duk wayar da aka gani a ƙasa, a ɗauka da wuta a cikinta, kada a matsa, kada a bar yara ko dabbobi su matsa. Shingen ƙarfe da waya ta faɗa a kansa yana iya ɗaukar wuta har nesa.

Masu wayar su ne masu gyaranta

Wa ke da wayoyin nan na ƙauye? Manoman ne da kansu. A tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a Amurka, domin kamfanoni sun ce ba riba a ja waya mil guda saboda gida ɗaya. A 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai lantarki karkara, aka yi dokarta a 1936, gwamnati ta riƙa ba da rance, manoma suka kafa ƙungiyoyin gama kai suka kafa falwayoyinsu. A yammacin Dakota ta Kudu akwai irinsu, kamar West River Electric mai ofishi a Wall, da Butte Electric a Newell, da Grand Electric a Bison, da Black Hills Electric a Custer. Mai biyan kuɗin wuta shi ne ɗan ƙungiya, shi ke zaɓen shugabanni.

Ƙungiya guda ba ta da ma'aikatan da za su ta da falwayoyin da suka faɗi cikin dare ɗaya. Amma akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin tun kafin wahala ta zo: wadda abin bai shafa ba za ta aiko da mutanenta da motocinta, daga baya a yi lissafi. Haka aka yi a 2013, ma'aikata suka zo daga gabashin jihar da maƙwabtan jihohi. Wani abin sha'awa, tun zamanin rancen farko an sa ƙungiyoyin su gina layukansu bisa tsari ɗaya, da kaya iri ɗaya. Saboda haka baƙon ma'aikaci in ya hau falwaya, abin da ya saba gani a gida shi zai tarar. 'Yan ƙungiya kuma suka fito da taraktocinsu suna buɗe hanya, suna jawo motocin gyara, gama dusar ta narke da sauri, an kuma ƙara ruwa, ƙasa ta zama taɓo.

Gyaran yana da jeri. A kan soma da manyan layukan da ke kawo wuta, sa'an nan tashoshin rarrabawa, sa'an nan layin da ke ciyar da gidaje masu yawa da asibiti da famfon gari, daga ƙarshe reshen da ke zuwa gida ɗaya. Wanda ke can ƙarshen layi, shi ne kuwa sau da yawa wanda ya fi hasarar shanu, shi zai fi daɗewa cikin duhu, yana ganin motar gyara tana wuce ƙofarsa. Abin da ciwo. Duk da haka muna ganin jerin daidai ne, domin ko an gyara nasa reshen, ba abin da zai shigo sai an gyara na gaba. Abin da ke hana rigima shi ne kowa ya san jerin tun ana zaman lafiya, ba a ranar ake yanka shi ba.

Ofishin gwamnati a kulle

Tun ranar 1 ga Oktoba, kwana biyu kafin ruwan ya soma, gwamnatin tarayyar Amurka ta rufe yawancin ofisoshinta, domin majalisa ta kāsa daidaitawa a kan kasafin kuɗi. Rufewar ta ɗauki kwana 16. Ofisoshin aikin gona, inda makiyayi zai kai rahoton hasara, suna cikin waɗanda aka kulle. Bugu da ƙari, babbar dokar aikin gona ta ƙare ranar 30 ga Satumba, shirin biyan diyyar dabbobi kuwa ya riga ya ƙare tun 2011. Mutum ga gawawwakin shanunsa, ba wanda zai kai wa kuka.

Gawa kuma ba ta jira. Dokar jihar ta ce a binne mushe zurfin ƙafa 4, ko a ƙone, ko a ba masu sarrafa shi, cikin awa 36. Dole aka sassauta wa'adin, aka haƙa manyan ramuka na jama'a. Malaman gona da ƙungiyoyin makiyaya suka yi ta nanata wa mutane magana ɗaya: kafin ka binne, ka ɗauki hoto, ka cire lambar kunne ka ajiye, ka rubuta rana da wuri, ka kira wani wanda ba ɗan gidanka ba, kamar likitan dabbobi, ya gani ya sa hannu. Aiki ne mai ɗaci ga mutumin da ya san kowace saniya da uwarta, amma amfaninsa ya fito. Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar doka ranar 7 ga Fabrairu 2014, ta maido da shirin diyya har da hasarar baya, aka soma karɓar takardu a Afrilu. Diyyar kashi 75 cikin 100 ce na kuɗin dabbar a kasuwa. Amma sai ka nuna abu biyu, yawan da kake da shi kafin guguwa, da yawan da ya mutu. Mai littafin haihuwar shanu, da takardun likita, da na banki, ya wuce da sauƙi. Wanda lissafinsa ke cikin kansa ya sha wuya.

A nan magatakarda ya dakata ya tambayi jama'a: in yau gobara ko ambaliya ta cinye ma'ajinmu, wace takarda ce za ta nuna buhu nawa ke ciki, da na wane ne? A ina take kwana, cikin ma'ajin ne ko a wani wuri?

Watanni shida ke nan tsakanin hasara da buɗe ƙofar diyya, banki kuwa yana jiran kuɗinsa a kaka. Makiyayan ba su zauna jira ba. Ƙungiyoyinsu uku, biyu na masu shanu, ɗaya ta masu tumaki, suka haɗu suka buɗe asusun agaji guda, suka danƙa riƙonsa ga wata gidauniya ta yankin Black Hills domin kada a ce wata ta fifita 'ya'yanta. Asusun ya tara fiye da dala miliyan 5. In aka raba da yawan hasarar, kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ya zo da wuri.

Waɗansu makiyaya a jihar Montana kuma suka ce kuɗi ba ya haihuwa a garke. Suka soma tara karsana masu ciki, kowa ya ba da abin da ya iya daga nasa, aka sa wa shirin suna Heifers for South Dakota, watau karsana domin Dakota ta Kudu. An kai sama da 1,000, aka fi ba matasa masu ƙaramin garke da bashi a wuya, waɗanda in ba haka ba sai su bar kiwo. Wanda ya san haɓɓanaye na Fulani, inda ake ba wanda ya rasa aron karsana ya riƙe 'ya'yanta ya mai da uwar, zai gane tunanin nan da nan, sai dai su a can kyauta suka bayar, ba aro ba.

Dalilin zaɓen mai ciki a fili yake. Maraƙa mace da aka haifa yau sai ta shekara biyu kafin ta yi haihuwar fari, a ƙara wata shida ko bakwai kafin a sayar da ɗanta. Karsana mai ciki da aka sauke a ƙarshen 2013 kuwa ta haihu wajen Maris ko Afrilu 2014, ɗanta ya shiga kasuwa a kakar shekarar. A shekarar nan ta 2014 farashin shanu a Amurka ya hau inda bai taɓa kaiwa ba kafin lokacin. Wanda ya tsira da garkensa ya sayar da tsada, wanda kuma zai sayi shanu ya mai da gurbin waɗanda ya binne, da tsadar nan ya saya.